Tef, Keke da Bangon Bappa Njidda

Na ji ku da kuke wannan aiki yanzu kuna cewa a zamaninmu ba wani abu ba ne, wai mutum ya ratsa unguwa a kan keke, ya dubi gida, ya yanka masa kuɗi. To ku gyara zama. Ni Filibus na yi wa gidajen Jimeta kima tun ana saura kaɗan a sami 'yancin kai har aka raba Jihar Arewa maso Gabas, kuma a duk shekarun nan ban taɓa samun matsala da gida ba. Da masu gida na sha fama.

Gidan farko da na auna a Luggere yake, na wani mai gyaran fitila. Na zo daga wajen Ganye da takardar gama makaranta, ina zaune wurin kawuna, aka ɗauke ni a ofishin kuɗi na En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, aka haɗa ni da Malam Kyari. Babarbare ne. Mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne da ya zo Yola daga Borno, shi kuwa ya bi masu safiyo yana ja musu sarƙa har ya ƙware a awo. Dogo ne siriri, ba ya sauri ko da ruwa ake yi. Ya miƙo mini bakin tef ya ce in je kusurwar katanga. Na ruga, na ja tef ɗin ya miƙe ƙam, na karanta lambar da ƙarfi don mai gida ya san na yi boko. Malam ya rubuta. Sai da muka yi nisa da ƙofar gidan ya tsaya.

"Ɗan Ganye, ka auna katanga da kyau. Ɗaki nawa ne a gidan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Rufin fa, kwano ne ko jinka?"

Na waiwaya zan duba, ya kama mini kafaɗa. "Akwai rijiya? Ƙasan ɗakunan siminti ne ko daɓe?" Ya ce, "To da me za mu koma ofis? Ka taɓa ganin wanda ya kama hayar katanga?"

A ranar na fahimci abin da muke nema. Ba kuɗin sayar da gida ba ne, don a lokacin gida gado ake yi, ba kasafai ake sayarwa ba. Tambayarmu ɗaya ce: in aka ba da gidan nan haya, me zai kawo a shekara? A kan wannan ake yanka harajinsa. Kuma tun da ba za a iya zama a yi cinikin kowane gida shi kaɗai ba, sai mu kasa gidaje aji-aji. Na bulo da siminti da kwano shi ne aji na ɗaya. Na laka mai yaɓen siminti da kwano aji na biyu. Na laka da jinka aji na uku. A kowace unguwa za mu zaɓi wasu gidaje daga kowane aji, inda ake da 'yan haya na gaskiya masu biya na gaskiya. Su muke kira gidajen misali. Mu tambayi abin da ake biyan ɗaki, mu tara, mu raba, mu sami matsakaici. Daga nan sauran gidajen unguwar sai ƙirgar ɗakuna.

Da sauƙin faɗa, ko? Malam yana da doka, kafin a raba sai an fitar da na can sama da na can ƙasa. Gidan da wani kamfani ya kama wa akawunsa, ba ya shiga lissafi, don kamfani ba ya ciniki. Ɗakin da suruki ke zaune yana ba da ɗan abin goro, shi ma ba ya shiga. In ka bar gida ɗaya mai tsada a cikin misalanka, ka ɗora wa unguwa guda kayan da ba nata ba, kuma ba wanda zai san daga ina nauyin ya fito sai kai.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tef na lilin ne a cikin gidansa na fata, da ɗan hannun tagulla da ake murzawa. In ya jiƙe sai ya yi ƙarya, dole a shanya shi a inuwa, ba a rana ba. Akwai allo mai matse takarda, da fensir, don gumin Jimeta narkar da tawada yake yi. Akwai gwangwanin baƙin fenti da burushi na rubuta lamba a ƙofa, sai laima, sai keke. Amma babban kayan aikin Malam goro ne da gaisuwa. A cikin Yola, in ba ka iya "A wali jam?" ba, wato an tashi lafiya, ko inuwar zaure ba za ka samu ba. Sai da ya zaunar da ni na iya gaisuwar Fulatanci tun daga mai gida har shanu kafin ya yarda in buɗe baki a ƙofar kowa.

Wani gida da ba na mantawa, mun same shi da sabuwar jinka, ciyawa fes, har da ƙamshinta. Mai gidan yana tsaye yana ta kukan talauci. Ni har na fara rubuta aji na uku. Malam yana sauraronsa yana gyaɗa kai, sai ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya ɗauki ɗan tsakuwa ya cilla kan rufin. Sai muka ji ƙwangaram! Ashe da mutumin ya ji muna tafe, ciyawa ya sa aka shimfiɗa a kan kwanonsa. Malam ya ce, "Masha Allah, ciyawarka tana da murya." Mai gidan kansa sai da ya yi dariya, ya kawo mana ruwa.

Akwai kuma wani Alhaji mai dogon gida kusa da kasuwa, ɗakuna a jere kamar kantuna. Ya rantse mana ba ɗan haya ko ɗaya a ciki, duk 'yan uwansa ne. Ya kira su suka fito. Na farko Bachama, na biyu Bayarabe, na uku ɗan Kamaru, na huɗun kuwa ko Hausa ba ya ji. Malam ya tambaye shi me Alhaji yake a wurinsa. Ya dubi Alhaji, ya dube mu, ya ce, "Na my broda, Oga," daga ji ka san a safiyar nan aka koya masa. Malam ya ce, "Alhaji, lallai mahaifinku ya yi yawon duniya, Allah ya jiƙansa." Alhaji ya ce amin, muka ƙirga ɗakuna.

Gidajen da maza ba sa shiga su ne suka fi ba mu aiki. Daga zaure ba ka wucewa. A nan muke dogara da Goggo Asta, wata dattijuwa mai tallan man gyaɗa gida-gida. Ba ma'aikaciyar ofis ba ce, mu dai muna sayen manta, ita kuma in ta fito sai ta ce, "Ɗaki biyar, biyu da siminti, rijiya ya mutu." Sai dai Goggo tana da nata lissafin. Gidan da aka dama mata fura yakan rasa ɗaki ɗaya a bakinta, gidan da aka taya manta da wulaƙanci kuwa sai ya haifi sabo. Malam ya san halinta. Shi ya sa yakan zagaya bayan gida ya ƙirga indararo da tagogi, ni kuma ya sa ni in taka sirdin keke in leƙa kawunan rufi. In lissafi bai zo ɗaya ba sai ya ce, "Goggo, yau an sha fura ke nan." Ita kuma ta ce, "Kai dai Kyari, auna abinka."

Haka muka yi ta yi har aka yi jihohi, takardunmu suka koma tafiya Maiduguri. Malam ya yi ritaya ya koma gonarsa a Ngurore, gidan tef ya dawo hannuna. Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda Binuwai ta yi ambaliya. Mun gama kimar gari kaf da rani, an aika da takardu, ana shirin raba wa mutane takardar biya, sai kogi ya cika ya shiga unguwar da ke bakinsa. Gidajen laka suka narke kamar sukari a shayi. Da ruwa ya janye, Jauro, wato mai unguwar, ya zo ofis da dattawansa, ya ce ta yaya za a karɓi harajin ɗakin da kogi ya kwashe, yanzu yana kan hanyar Numan? Shugaban ofishinmu mutum ne mai jin magana. Ya ce in koma in sake kimar unguwar daga farko, amma in gama kafin majalisar gari ta zauna kan haraji, in ba haka ba tsohon lissafi ne zai tsaya.

Da labari ya bazu cewa za a rage wa waɗanda ruwa ya ci, sai ambaliyar ta ƙara faɗi. Har mutanen kan tudu ta kai. Wani ya kwaɓa taɓo a bokiti ya watsa wa bangonsa, ya kira ni in gani. Amma alamar ruwan kogi a miƙe take kamar an ja ta da rula, tana tashi daga wannan gida ta bi na gaba, ta bi jikin bishiya, duk tsayi ɗaya. Tasa kuwa hawa take tana sauka, har da ɗigo a saman taga. Na ce masa, "Hamma, ruwan naka tsalle ya yi?" Ya ce ai igiyar ruwa ce.

A cikin wannan hayaniya, mutum ɗaya ne kawai ya ce ruwa bai taɓa shi ba, shi ne Bappa Njidda. Tsohon mai fito ne, shi ke tsallakar da mu da kwale-kwale duk lokacin da aka tura mu Vinikilang duba shaguna da gidajen kwanon da suka fara tsirowa a bakin hanya. Da kuɗin fito ya gina gidan bulo mai kwano, da ɗakunan haya a gaba suna kallon titi. Gidan yana cikin misalaina na aji na ɗaya a unguwar. Na same shi an shafe shi da farar ƙasa, sai ƙyalli yake, shi kuma Bappa yana zaune a ƙofa a kan tabarma.

Bayan mun gaisa na ce, "Bappa, sannu da wannan jarrabawa."

"Wane jarrabawa, Akawu? Gidana lafiya yake. Rubuta yadda ka rubuta da rani."

"An ce mini da kwale-kwalenka ka fitar da 'yan hayarka ta taga."

"Yawo na kai su," in ji shi.

Ɗan hayar nasa wani malamin firamare ne, Ticha Markus, mutumin kudancin Adamawa kamar ni, da matarsa Saratu da ƙananan yara. Ina ƙirgar ɗakuna sai na ga Saratu tana kokawa da ƙofa, sai ta ɗaga ta da kafaɗa kafin ta rufu. Ta ce tun bayan ruwa haka take yi. Ƙofa ba ta canza hali haka kawai. Na kwance igiyar da nake ɗaure allo a bayan keke, na ɗaura mata sifanar gyaran keke, na hau benci, na dafa bakin igiyar a saman bangon gaba. Da bango a miƙe yake, da sifanar ta sauka tana gogar jikinsa. Sai ga ta tana lilo a iska, tsakaninta da gindin bango hannuna na shiga har da saura. Na kankare farar ƙasar da farce, na ga sabon siminti an cusa shi a wata tsaga da ta taso daga ƙasa har taga. Ruwa ya cinye ƙarƙashin tushe, bangon ya fara rusunawa titi.

Bappa yana kallona. Ya matsa ya ba ni wuri a tabarma.

"Akawu, tun ba a haife ka ba nake tuƙi. Kowane bulo a jikin gidan nan na san damina da na saye shi. Duk unguwa in za a yi wa baƙo kwatance, cewa ake yi ka wuce gidan Njidda mai siminti. Kowa yana roƙonka ka rage masa, ni ina roƙonka ka bar mini nawa. Zan biya cif. Ina laifi?"

Na ce, "Bappa, da kai kaɗai ne da sauƙi. Gidanka misali ne. In na bar shi a sama, matsakaicin unguwa zai tsaya a sama, maƙwabtanka su biya kamar ba a yi ruwa ba. Ga kuma yara suna kwana a gindin bangon nan."

"Kai aikinka haraji ne ko gini?"

Gaskiyarsa ce, ba a aiko ni duba lafiyar gini ba, kuma a takardarmu babu gurbin da aka tanada don bango mai rusunawa. In na rubuta abin da na gani, 'yan haya za su tashi, tsohon ya rasa abin da yake taƙama da shi. In na yi shiru, ba wanda zai tuhume ni. Ranar Asabar na hau keke sai Ngurore. Na sami Malam Kyari a gona yana duba dawarsa. Na kwashe labari na faɗa masa, yana ɓare goro.

Ya ce, "Wa zai kama hayar ɗakunan in ya san abin da ka sani?"

Na ce babu.

"To ai ka san kimarsu. Me ya kawo ka cikin wannan rana?"

"Malamin makarantar fa? In faɗa masa?"

"Wannan ba ya cikin takarda, ɗan Ganye. Wannan tsakaninka da Allah ne."

Na dawo na rubuta ɗakunan gaba a matsayin waɗanda ba sa hayuwa, na cire gidan daga cikin misalai, na sami Ticha Markus a makaranta na faɗa masa abin da igiya ta nuna. Kafin ƙarshen wata ya kwashe iyalinsa ya koma Luggere. Na gama unguwar da ƙyar kafin zaman majalisa, matsakaici ya sauka, mutane suka samu sauƙi, Jauro har da aiko mini da kifi. Harajin Bappa ma ya ragu sosai, ya zama shi kaɗai ne a Jimeta da aka rage wa haraji ya daina amsa gaisuwar wanda ya rage masa.

Sai kuma bango ya ƙi faɗuwa.

Rani ya wuce yana tsaye. Damina ta zo ta tafi yana tsaye. Ni kuwa dole in bi ta hannun Bappa in zan tsallaka Vinikilang. Yakan zaunar da ni daidai inda ruwa ke taruwa a cikin kwale-kwale, ya bari sai mun kai tsakiyar kogi inda ba wurin gudu, sannan ya ɗaga murya: "Akawu, bangona yana gaishe ka!" Sai ya ba fasinjoji labarin ɗan bokon da ya ɗaura sifana a igiya ya kori malami daga gidan siminti. Mata masu tallan nono su yi ta dariya, wando na jiƙe ina riƙe da allo a sama. Har na fara shakkar kaina. Nakan bi ta titin da keke ba don komai ba sai don in saci kallon bangon, shi kuma yana nan fari tas.

Amma ba wanda ya sake kama ɗakunan. Duk wanda ya zo, maƙwabta za su ja shi gefe. Da Bappa ya gaji da ganin ƙofofinsa a kulle, sai ya kira magina ya ce su taɓa masa gaban gidan, wai don a rufe bakin mutane. Suka cire kwano, suka fara zare katakon rufi. Suna zare na ƙarshe, tun kafin kowa ya ɗaga guduma, bangon ya kwanta a titi da kansa, gaba ɗayansa. Ashe rufin ne ke riƙe da shi duk wannan lokaci. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, sai kaskon wata mai ƙosai da ta tafi ɗebo ruwa.

Da na sake zuwa fito, Bappa ya nuna mini busasshen katako kusa da shi. Muka wuce tsakiyar kogi har muka kai gaɓa. Ban tambayi lafiyar bango ba, shi ma bai kawo saƙonsa ba.

An daɗe bayan haka, wata safiya ina ofis ina fama da mayar da tsofaffin lissafinmu daga fam zuwa naira, sai masinja ya ce wani dattijo yana nemana. Na fito na ga Bappa Njidda cikin babbar riga da hula, har da takalmi, abin da ban taɓa gani a ƙafarsa ba.

"Akawu, ɗauko igiyarka."

Na ce ai lokacin sabuwar kima bai yi ba tukuna. Ya ce shi bai san wannan ba, ya biyo ni har wurin keke. Da muka isa na tarar ya tara unguwa, Jauro yana kan kujera, maginan suna gefe, har Ticha Markus an aika masa ya zo. Sabon bango ya tashi a kan tushe mai zurfi, an ɗaga shi sama da inda ruwa ya kai. Bappa da kansa ya jawo mini benci. Na ɗaura sifana, na hau, na saki igiya. Ta sauka tana gogar siminti tun daga sama har ƙasa.

"Aji nawa?" in ji Bappa.

"Na ɗaya."

"Faɗa da ƙarfi, Jauro ba ya ji sosai."

Na faɗa da ƙarfi. Na ƙara da cewa, "Amma Bappa, ka san harajinka zai hau, har ya wuce na da."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya dubi maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo kaina.

"Rubuta. Kuma wallahi in ka sake yi mini ragi, da iyo za ka riƙa zuwa Vinikilang."